Kada a Cire Leda Sai Mai Girma Ya Zo

Jama'a, yau da safe na faɗo daga kan kujerar hukuma. Kada ku yi saurin zuwa jaje da manyan riguna, ni da muƙami ko a mafarki ba mu taɓa gaisawa ba. Kujera ce ta gaske mai ƙafa huɗu, a wani ofis da na je bin sawun takardar ƙarin girmana, wadda ta shiga can tun gashin kaina yana baƙi. Aka ce in zauna in jira. Kujerar sabuwa ce fil, a naɗe cikin leda tun daga wuya har ƙafa, yadda ta fito daga kamfani. Na zauna da ladabi. Zafi ya taso, gumi ya shiga tsakanina da ledar, ina cewa bari in gyara zama sai ji na yi suuu, ga ni a ƙasa, hula can, tabarau can.

Masinja ya taso a guje. Na ce a raina, Allah sarki, ashe har yanzu akwai masu tausayi. Ya tsallake ni, ya durƙusa a gaban kujerar, ya shafa ta sama da ƙasa, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi, ba ta yage ba."

Na ce, "Ɗana, ni fa?"

Ya ce, "Baba, kai ai za ka warke. Leda in ta yage ba ta warkewa."

Ban yi fushi ba. Wanda ya tsufa a gaban allo yana koyar da 'ya'yan mutane ya san yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan amsa da kansa, koya masa aka yi. A wajen manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da faɗin rumfa, abu ba ya zama abu sai an ƙaddamar da shi. Rijiya ko ta cika ta batse, rami ce kawai har sai Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya yanke ƙyalle. Gada kuwa, in ka haye ta kafin ranar biki, to a takarda kana nan a wancan tsallaken. Leda ita ce shaidar cewa ba wanda ya riga Mai Girma. Talaka in ya ga abu a leda sai ya ce, kash, ba a fara amfani da shi ba. Babba in ya gani sai ya ce, madalla, ba a ɓata shi da amfani ba.

Ina kakkaɓe rigata sai na tuna da kwamfutar makarantarmu, wadda ita ma leda ta kusa kai ta lahira tun ba ta san duniya ba. Ku gyara zama in ba ku labari, amma ku duba kujerar tukuna.

Muna da Malamar Kimiyya, sa'ar 'yata ta fari ce, amma kanta yana ja. Ita ke riƙe da 'yan ajin ƙarshe, waɗanda aka ce daga bana a kwamfuta za su rubuta jarrabawarsu ta fita. Hukunci ne mai kyau, na ci gaba, ba mu ƙi ba. Matsalar ɗaya ce 'yar ƙarama: a duk makarantar babu kwamfuta, kuma yawancin yaran ba su taɓa ɗora yatsa a kan wata ba. Sai Malama ta bi shaguna ta roƙo kwalaye, ta yayyanka, ta zana wa kowane yaro madannai a kan nasa, harafi bayan harafi, kowanne a gidansa. In ka wuce ta tagar ajinta sai ka ji ƙwas ƙwas ƙwas, kamar kaji sun samu hatsi. Ta ce, "Ku goge!" Yara su danna wurin gogewa a kan kwali, su ɗaga kai su dubi bango, su yarda a ransu cewa ya gogu. Abin da ke hana ta sukuni shi ne kada yaran nan su shiga ɗakin jarrabawa, ya zamana ranar ce ranarsu ta farko da ganin abin a zahiri.

An dai yi mana alkawari. A daminar alkawura, wadda kun san lokacin da take sauka, an ce za a ba mu ɗaki guda cike da kwamfutoci. Alkawarin ya kamo hanya, ya ratsa ofis ofis, kowane tebur ya ɗan rage masa nauyi don kada ya gaji, har ya iso mana a kwamfuta ɗaya. Ita ma a wargaje, kowace gaɓa a kwalinta. Injiniyan da zai haɗa ta kuwa, an ce kuɗin motarsa sun tafi wajen hayar rumfunan biki.

Malama ta dubi kwalayen ta ce, "Da babu gara ba daɗi. Ni zan haɗa ta."

Nan ne Mataimakin Shugaban makarantarmu ya shigo labarin. Muna kiransa Malam Ƙa'ida, a bayan idonsa da gaban idonsa, don shi sunan daɗi yake yi masa. Mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, ko guntun alli bai taɓa kaiwa gida ba. Sai dai ledar da ke fuskar agogon hannunsa tana nan tun ranar da ya saye shi, ta yi duhu har sai ya tambayi wani ƙarfe nawa. Shi aka naɗa Shugaban Kwamitin Ƙaddamarwa, shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin da aka ajiye kayan, shi kuma ya karanta mana doka: ranar biki, da zarar Mai Girma ya kunna na'urar, mutanensa za su manna hatimi a bakin akwatinta. Daga ranar ba mai sake buɗe cikinta. Wanda ya yaga hatimi ya ɓarnata kayan hukuma. In ta samu matsala sai a jira injiniya, wato shi wancan da ba shi da kuɗin mota.

Kun ga ke nan, yadda ranar biki ta same ta, haka za ta zauna har abada. In lafiya, lafiya. In ciwo, an rufe ta da ciwonta.

Ranar haɗawa, aikina shi ne riƙe ɗan faranti da notuna a ciki, da haska tocila inda aka ce in haska. Malama tana aiki tana yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ga babban faifan da komai ke zama a kansa. Ga ƙwaƙwalwar, ba ta fi akwatin ashana faɗi ba, amma ita ke duk tunanin, tunanin kuma yana sa ta zafi kamar dutsen guga. Shi ya sa ake ɗora mata wani ƙarfe mai haƙarƙari da fanka a kansa, ya zauna daram a bayanta ya riƙa shanye zafin. A tsakaninsu ana shafa wani mai, mai launin toka, ɗan kaɗan, don su haɗu ba rata.

Ta juya ƙarfen, ta ɓare wata 'yar leda mai jan rubutu daga gindinsa, ta ɗaga mini ita. "Baba Malam, ka ga wannan? Ita ke kayar da sababbin hannu. In aka manta da ita, sai a yi ta neman ciwo a wani wuri." Ta ajiye ta a gefen tebur. Sai ƙararrawa ta kaɗa. Tana da aji, ina da aji, muka fita muka bar Malam Ƙa'ida yana rufe tagogi. Da muka dawo ta shafa man, ta ɗauki ƙarfen ta kan fankarsa yadda ta same shi a zaune, ta ɗora, ta ɗaure, ta ƙarasa sauran aikin.

Ta ce bismillah, ta danna maɓallin kunnawa.

Shiru. Irin shirun wayar mai neman ƙuri'a bayan an gama ƙirge.

Malam Ƙa'ida ya gyara murya ya ce a ganinsa a kafa ƙaramin kwamiti. Malama ta ce ya ɗan ba ta lokaci kafin a kai ga haka. Abin da ya burge ni da yarinyar nan shi ne ba ta ruɗewa. Ta ce in na'ura ta ƙi tashi, daga bango ake farawa, ba daga zargi ba. Ta jona butar shayin malamai a soket ɗin, buta ta yi kuka, to bango ba shi da laifi. Ta bi waya har akwatin wutar da ke bayan kwamfutar, sai ga wani ɗan makunni a ɓoye, a kashe. Ta kunna, ta sake dannawa. Shiru dai. Ta ce, "Haska mini nan, Baba Malam." Ashe wasu 'yan siraran wayoyi ne da suka taso daga maɓallin zuwa faifan, sun sauka a gidan maƙwabta. Ta zare su, ta duba zanen da ya zo da kayan, ta mayar da kowacce gidan ubanta.

Ta danna. Fankoki suka juya, fitilu suka kama, ja da shuɗi, har da wata ƙara tit tit tit. Malam Ƙa'ida ya fara tafi. Amma allon baƙi ƙirin, ko ɗigo babu.

Da yamma na ba maƙwabcina tela labari, ina zaune a bencin ƙofar shagonsa. Ya cire allura daga baki ya ce, "Tsaya, Malam. Fanka na juyawa?"

Na ce tana juyawa.

"Fitila na haske? Ana jin ƙara?"

Na ce ƙwarai.

"Amma ba a ga komai ba?"

Na ce ko kaɗan.

Ya ce, "To me kuke gyarawa? Ai wannan ma'aikata ce cikakkiya. Ku nemo mata darakta kawai."

Malama dai ba ta nemo darakta ba. Washegari ta ce ƙarar nan magana ce, na'urar tana faɗin inda ke mata ciwo, sai dai a yarenta. Akwai wasu sanduna biyu sirara masu riƙe mata abin da take tunani a kai. Ashe ɗaya ta shiga da ƙafa ɗaya ne, ɗaya ƙafar tana waje, kamar ma'aikacin da ya rataye rigarsa a kujera ya tafi kasuwa. Ta zare ta, ta saita, ta danna da manyan yatsu biyu har muka ji ƙas. Ƙara ta ɗauke. Allo dai baƙi. Ta leƙa baya ta yi dariya. Ramuka biyu ne iri ɗaya, na sama da na ƙasa, wayar allon tana a na sama, hoton kuma ta na ƙasa yake fitowa. Na ce wannan na gane shi, ai haka tagogin ofis suke, ɗaya ta aiki, ɗaya ta ado, kuma sai ka yini a layi kafin a gaya maka wacce ce wacce.

Ku lura da wani abu, don ni malami ne, ba na iya wuce darasi in na gan shi a hanya. Abu ɗaya take taɓawa a lokaci guda, ta gwada, ta gani, sannan ta wuce gaba. Na tambaye ta dalili, ta ce in ka canza abu biyar tare kuma aka dace, ba ka san wanne ne maganin ba. In ba a dace ba, ka ƙara wa kanka ciwo huɗu. Na ce kash, da manyanmu sun zauna a ajinki. Su in abu ya ƙi aiki, suna suke canza masa, da launin fenti, da shugaba, duk a rana ɗaya, sannan su ƙaddamar da shi sabo.

Ta mayar da waya ramin ƙasa, sai ga rubutu ya bayyana fari tas. Jama'a, ban san lokacin da na ajiye faranti na yi kabbara ba, notuna suka watse.

Murna ba ta daɗe ba. Tana cikin zuba mata darussan gwajin jarrabawa sai fanka ta fara gurnani kamar babbar mota a kan tudu, gurnani ya yi gurnani, sai ɗif. Kwamfuta ta mutu. Aka bari ta huce, aka kunna, ta tashi lafiya lau, ta yi aiki kamar tsawon shan shayi kofi ɗaya, ɗif. Haka da safe, haka da rana, haka washegari.

Malama ta shiga wani shafi inda na'urar ke faɗin lafiyar jikinta, ta nuna mini wata lamba tana hawa kamar farashin kaya. Ta ce, "Zafi ne. Ƙwaƙwalwar ke kashe kanta don kada ta ƙone. Amma daga ina?" Ta duba fanka, tana juyawa daidai. Ta ƙara ɗaure notunan ƙarfen. Ta buɗe gefen akwatin, ta jawo fankar tsaye ta ɗakin malamai ta saita ta a ciki, aka samu ƙarin kurɓa biyu a kan kofin shayin, sannan ɗif. Ta zargi akwatin wuta, ta zargi wutar bango, har ta fara zargin ko ƙwaƙwalwar ce aka aiko mana mai ciwo tun daga can. Ɗaga ƙarfen kuwa ba ta so, don in an ɗaga sai an sake shafa sabon mai, ɗan bututun da ya zo da kayan kuma ya riga ya lanƙwashe.

Ta ce, "Da wani ne ya haɗa, da na ce leda ya manta. Amma da hannuna na cire ta."

Na ce, "Ni shaida ne, 'yata. Da idona na gani."

Ruwa dai ba ya tsami banza, amma mu biyun mun rantse a kan rijiyar.

Biki ya matso. Malam Ƙa'ida ya zo ya tsaya a kan kwamfutar ya ga tashinta da faɗuwarta, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Malama, ni ban ga abin damuwa ba. A yanke ƙyalle, a danna, a yi tafi, a ɗau hoto. Kafin ta mutu Mai Girma ya shiga mota. Me kike nema kuma?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yarana fa? Kafin yaro ya gama rubuta sunansa ta ɗauke. Kuma in an manna hatimi shi ke nan."

Ya ce, cikin tausasawa, don ba mugu ba ne, "Yara ai suna da kwali."

Ta juya tana tattara sukundireba, amma na ga yadda ta daɗe tana goge abin da ba shi da datti.

Ana gobe biki na tafi layin mai da babur ɗina. Gidan man nan famfuna ne a jere kamar sojoji, ɗaya ke aiki, sauran an rufe musu kai da leda, ina jin su ma Mai Girma suke jira. An ce mana mai ya wadata a ƙasa, kuma gaskiya ne, a ƙasa yake, can ƙarƙashi, mu ne dai muke sama. Ina cikin turawa taku taku sai ga Malam Ƙa'ida a gefena da jarka, ya zo sayen man janareton biki, don wutar gari ba a gayyatar ta taro, ba ta da alkawari. Layi ya yi tsawo, rana ta yi zafi, hira ta yi daɗi, har ya shiga ba ni labarin wahalar da yake sha a kan makarantar nan ba wanda ya sani.

Ya ce, "Dattijo, aikin hukuma sai da ido. Ka san abin da na tarar a kan tebur ranar da kuka fita aji? Leda! An ɓare ta an yar, tun Mai Girma bai ko ga kayan ba. Yaran yanzu akwai ilimi, tsari ne babu. Na ɗauka na karanta, an rubuta a jikinta da ja, a cire kafin a fara amfani. To yaushe ake fara amfani? Bayan ƙaddamarwa. Wa ke cirewa? Ni ko kai? Na nemi inda ta fito, na mayar da ita, na lallashe ta da farce har ba ka cewa an taɓa, na zaunar da ƙarfen a kan gindinsa. Ban gaya wa yarinyar ba, don kada in kunyata ta."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe." Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka fara layin mai a duniya. Na fita daga layi. Ina jin ƙanshin man a hancina, jama'a, ina ganin fuskar mai zubawa, na juya babur na fita. Wani direba ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, lafiya? Ko rasuwa aka yi?" Na ce, "Ana dai gab da yi." Na tura babur ba mai har makaranta, don in riga mai mabuɗi isa.

Da na gaya wa Malama, ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa. Ta ce, "Wallahi yau sai na gaya masa abin da bai taɓa ji ba!"

Na ce, "'Yata, gaya masa. Amma ki tuna mabuɗi yana aljihunsa. In kin ce ya yi kuskure, zai kafa kwamitin da zai binciki ko ya yi, kuma shi ne shugaba."

Ta juya tana kallon tulin kwalayen yaranta a kusurwa. Can sai na ga bakinta ya ɗan motsa.

Malam Ƙa'ida ya iso da jarka a kafaɗa, sai ta tare shi da fara'a har da ɗan rusunawa. "Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Ashe kai ka ceto ledar nan? Baba Malam ya gaya mini. In ba don kai ba da na yi abin kunya."

Ya dube ni da ɗan zargi, sannan ya yi murmushi. "Ba komai, Malama. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

Ta ce, "Abu ɗaya ne ke damuna. Tana can ciki, a ƙarƙashin ƙarfe, a cikin duhu. Gobe Mai Girma zai zo, ya duba, bai ga ledar da zai cire ba. Mai hoto ma ba zai same ta ba. In aka manna hatimi kuma, ta zauna ke nan har abada, ba a cire ta a hukumance ba. Ban san yadda za a rubuta wannan a rahoto ba."

Jarka ta sauko daga kafaɗa a hankali. Ya ce, "Subhanallahi. Kaya a rufe da leda bayan ƙaddamarwa, kuma a ƙarƙashin kwamitina?" Ya laluba aljihu. "Malama, a fito da ita. Yanzun nan. Umarni ne."

Ta ce, "Yadda ka ce, ranka ya daɗe."

Na haska tocila, ta kwance notuna, ta ɗaga ƙarfen. Ga ta nan kuwa, ta yamutse don zafi, ta sha man toka, jan rubutunta yana kallonmu. Malama ta goge ƙarfen da ƙwaƙwalwar tas. Saura mai. Ta dubi lanƙwasasshen bututun, ta dube ni. Na ce ta kawo. Wanda ya yi rayuwarsa a kan albashin malanta ba a koya masa matse bututu. Na man goge baki a gidana sai ya yi rantsuwa cewa ba saura kafin in sake shi. Na naɗe shi daga gindi, na bi da bayan cokali, sai ga ɗan ɗigo ya fito kamar ƙwayar wake. Ta ce ya isa.

Ta ɗora, ta ɗaure, ta kunna. Muka zuba wa lambar nan ido. Ta ɗan hau, ta tsaya, ta zauna abinta. Fanka tana juyawa a hankali kamar numfashin jariri. Malam Ƙa'ida bai ma lura ba, yana gefe yana wanke ledarsa da hankici, ya miƙar da ita, ya manna ta a kan maɓallin kunnawa, inda kowa zai gani.

Da yamma tela ya ji ƙarshen zance, sai ya ajiye almakashinsa. Ya ce, "Malam, maimaita mini. Ƙaramar tana ƙasa tana aiki tana ƙonewa. Babban yana zaune a kanta, an ɗaure shi da noti, aikinsa kawai ya ɗauke mata zafi, fankarsa tana juyawa kowa na ji. Amma zafin ba ya isa gare shi."

Na ce haka ne, saboda 'yar leda.

Ya ce, "Wadda ba ta kai kaurin farce ba."

Na ce ko kusa.

Ya ɗauki allurarsa ya ce, "To ni ban ce komai ba. Ɗinki nake yi."

Ranar biki Mai Girma Sarkin Almakashi, Garkuwan Rumfuna, ya iso bayan inuwa ta juya, da jerin motocin da man da suka sha a hanya zai kai babur ɗina har ritaya. Ya yanke ƙyalle. Malam Ƙa'ida ya nuna masa ledar da hannu biyu, Mai Girma ya kama ta da yatsu, ya tsaya sai da mai hoto ya ce to, sannan ya ɓare. Aka yi tafi. Ya danna, allo ya kawo. Aka sake tafi. Sai ya juya mata baya ya shiga jawabi, inda ya yi mana albishir da ɗaki guda cike da kwamfutoci.

Jawabi ya yi tsawo, Allah ya ƙara masa numfashi. A ranar ne kaɗai na taɓa yi wa dogon jawabi addu'ar ya ƙara tsawo, don gwaji ne da ba mu biya ba. Kowa na kallon bakin Mai Girma, Malama na kallon allon da ke bayansa. Aka wuce kofin shayi ɗaya. Aka wuce na biyu. Aka shanye buta guda, aka ɗora wata. Kwamfuta tana nan da ranta. Da mutanensa suka zo suka manna hatimi, na ga Malama ta runtse ido, ta sauke numfashin da ta riƙe tun ranar da kwalayen suka iso.

Motoci na fita ta sa yaranta a layi, kowa da kwalinsa a hammata don sabo. Ta farkon ta zauna, ta ɗora yatsu inda aka koya mata, ta danna, sai ta janye hannu da sauri kamar ta taɓa wuta. Ta ce, "Malama, wannan nutsewa yake yi!" Malama ta ce, "Dubi gabanki." Ta ɗaga kai, ga harafin farko na sunanta a tsaye a kan allo. Malama ta ce, "Goge." Ta danna. A karon farko a tarihin ajin nan, ya gogu.

Malam Ƙa'ida ya samu takardar yabo saboda kyakkyawan tsari, kuma ni ina ganin ya cancanta, don ba kowa ke iya ɗaure akuya ya kwance ta a ba shi ladan ceto ba. Ledar tana cikin walat ɗinsa, a ninke. Ya ce ba a sani ba ko za a sake ƙaddamarwa.

Ni kuwa an ce in koma ofishin nan wani makon, wai takardata ta kusa fitowa, tana jiran sa hannu ne kawai. In kun shiga kun ga wani dattijo zaune a ƙasa dirshan, ga kujeru sababbi a jere ba kowa a kai, kada ku tashe shi. Daɓen ne kaɗai ba a sa wa leda ba. Ku dai yi shiru da bakinku, kada kwamiti ya ji.